Jagorar Saita Agogon Matafiyi Mai Nuna Lokacin Ƙasashe Biyu ko Fiye

Duk shekara, da zarar alhazai sun sauka ko ƴan kasuwa sun dawo daga Dubai da ƙasar Sin, teburin masu gyaran agogo irina yakan cika da agogo iri ɗaya masu ciwo iri ɗaya. Agogo ne mai hannu huɗu maimakon uku, ko mai sunayen birane kewaye da fuskarsa. Mai shi zai ajiye shi ya ce ya lalace: hannu na huɗu ba ya tafiya daidai, kwanan wata yana juyawa da tsakar rana, ko maɓallin gefe ya ƙi murɗuwa. Idan aka duba, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, saiti ne ba a iya ba. Waɗanda suka lalace da gaske kuwa, galibi hannun mai su ne ya yi musu illa tun makon farko. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta yadda ake sarrafa su, mataki bayan mataki.

Mutanen garinmu Ɗan Kassari da sauran garuruwan Arewa na jihar Dosso matafiya ne. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogondutsi ta nufi Birnin Ƙonni ta garinmu ta bi, kuma da wuya ka zaga unguwa ba ka sami gidan da ke da ɗa a Abijan, Akra, Lome, Kwatano, Legas, Aljeriya ko Libiya ba. Wanda ke nesa yana bukatar sanin abu biyu a kallo ɗaya: ƙarfe nawa ne inda yake tsaye, ƙarfe nawa ne kuma a gida. Wani zai ce ai waya tana yin wannan. Tana yi, amma da ka sauka wata ƙasa sai ta koma lokacin can da kanta ta bar na gida, a bakin iyaka takan kama layin ƙasar maƙwabta ta sauya awa ba ka sani ba, caji kuma yakan ƙare a ranar da aka fi bukatarsa, kamar ranar tsayuwar Arfa.

Ƙa'idar da dukan jagorar nan ta ginu a kai ɗaya ce: a cikin agogon, abu guda zai riƙe lokacin gida, kuma da ka saita shi, sauran hannaye ne za su riƙa bin tafiyarka, shi yana nan inda ka bar shi.

Daga ina irin wannan agogo ya fito

A shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washington na Amurka suka amince a riƙa auna duniya daga layin da ya ratsa Greenwich, kusa da Landan. Daga sunan Greenwich ne GMT ya samo asali, kuma a kansa aka yanka duniya yanki 24, tsakanin kowane yanki da na kusa da shi awa ɗaya. Nijar da Najeriya suna gaban GMT da awa ɗaya.

A 1931 wani maƙerin agogo na Geneva, Louis Cottier, ya ƙirƙiro injin da ke nuna lokacin birane 24 a fuska ɗaya, kamfanoni irin su Patek Philippe da Vacheron Constantin suka ɗauka. A tsakiyar shekarun 1950 kuma Rolex ya fitar da GMT-Master domin matuƙan jiragen kamfanin Pan Am, mai hannu na huɗu da zobe rabi ja rabi shuɗi, ja na rana, shuɗi na dare. Sababbin da ake baje kolinsu duk shekara a Geneva a kan waɗannan hanyoyi biyu suke tafiya har yau. Longines ya fitar da Spirit Zulu Time a 2022, shekarar da Seiko ya fitar da 5 Sports GMT. A 2024 Tudor ya kawo Black Bay 58 GMT, Rolex ya ƙara GMT-Master II mai zobe baƙi da ruwan toka, Patek Philippe ya sa 5330G a kasuwa, wanda kwanan watansa ke bin garin da mai shi yake. A 2025 Nomos na Jamus ya fitar da Club Sport neomatik Worldtimer.

Kuɗinsu ya bambanta ƙwarai. GMT-Master II na ƙarfe ya haura Yuro 10,000, wato fiye da sefa miliyan 6 da rabi. Na Seiko bai kai Dalar Amurka 500 ba lokacin da ya fito, Casio mai batir kuma ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Abin da ya fi zuwa hannunmu a nan shi ne Casio, Seiko, da Alfajr na tsarabar Makka, masu tsadar kuwa jefi-jefi a hannun manyan ƴan kasuwa. Amma ƙa'idar saiti ɗaya ce, mai tsada da mai araha.

Abin da za ka tanada

- Lokaci ingantacce da za ka dogara da shi: wayar da ke kan layin gida, ko sanarwar ƙarfe a rediyo. Kada ka saita agogo daga wani agogon da ba ka san ingancinsa ba.
- Takarda da biro, domin rubuta bambancin awoyi.
- Tebur ko tabarma da ƙyalle mai laushi a shimfiɗe. Agogon inji idan ya faɗo a kan siminti daga tsayin ƙugu, gyaransa yakan fi ƙarfin aljihu.
- Wuri mai haske, marar iska da ƙura, da hannu wankakke busasshe.
- Littafin da ya zo da agogon, da rasit da katin garanti.
- Madubin ƙara girma idan idonka ya fara rauni, domin lambobin zobe ƙanana ne.

Mataki na 1: Gane irin agogon da ke hannunka

Kuskuren farko shi ne a fara murɗa maɓalli ba a san irin injin ba. Iri huɗu ne.

Na farko shi ne na matafiyi na ainihi. Idan ka ja maɓalli zuwa tsayawa ta tsakiya ka juya, gajeren hannun awa ne ke tsalle awa ɗaya ɗaya, gaba ko baya, hannun minti da na sakan suna ci gaba da tafiyarsu. GMT-Master II, Black Bay GMT da Zulu Time haka suke.

Na biyu shi ne na mai zaman gida da ke hulɗa da ƙasashen waje. A tsayawa ta tsakiya hannu na huɗu ne ke tsalle, gajeren hannun awa bai motsa ba. Juyi ɗaya na motsa hannu na huɗu, ɗaya juyin na canja kwanan wata. Seiko 5 Sports GMT a nan yake.

Na uku shi ne mai birane: zoben sunayen birane 24, da wani zobe mai lamba 1 zuwa 24 yana juyawa a cikinsa.

Na huɗu shi ne mai batir da lambobi a allo.

Sanin wannan ya zama dole saboda tsarin saitin na farko da na biyu a juye yake. Wanda ya bi hanyar ɗaya a kan ɗayan zai yi ta gyara hannu guda yana ɓata wani.

Mataki na 2: Rubuta bambancin awoyi daga gida

Kafin ka taɓa agogo, ka rubuta wannan, kana auna kowace ƙasa da lokacin Nijar:

- Najeriya, Benin, Cadi, Kamaru, Aljeriya: daidai da mu.
- Gana, Togo, Kodibuwa, Burkina Faso, Mali, Senegal: suna bayanmu da awa 1.
- Libiya da Sudan: suna gabanmu da awa 1.
- Saudiyya, Turkiyya, Habasha: gabanmu da awa 2.
- Dubai: gabanmu da awa 3.
- Indiya: gabanmu da awa 4 da rabi.
- Ƙasar Sin baki ɗaya, har da Guangzhou: gabanmu da awa 7.

Akwai ƙasashen da ke sauya agogonsu sau biyu a shekara, kuma a nan ne ko gwanaye ke tuntuɓe. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, Faransa tana gabanmu da awa 1, Ingila kuma daidai take da mu. Sauran shekara Faransa ce daidai da mu, Ingila na bayanmu da awa 1. New York na bayanmu da awa 5 daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba, da awa 6 a sauran watanni. Masar ta dawo da wannan tsari a 2023, don haka wani lokaci tana gabanmu da awa 1, wani lokaci 2. Injin agogo bai san waɗannan dokoki ba, kai ne za ka sani.

Mataki na 3: Kwance maɓalli, ka ba agogo wani

Cire agogon daga hannunka tukuna. Maɓallin yana haɗe da inji ne ta wata siririyar sanda, kuma idan ka ja shi agogo na ɗaure a wuyan hannu, yatsanka zai ɗaga shi sama, sandar ta lanƙwashe ko ta karye.

Yawancin masu tsada maɓallinsu murɗaɗɗe ne a jikin agogo domin hana ruwa shiga. Ka riƙe shi da yatsa biyu ka murɗa shi zuwa wajenka a hankali, har ka ji ya saki ya ɗan turo kansa waje. Kada ka fizge shi kafin ya saki, kada kuma ka sa filaya ko haƙori.

A wannan matsayi, ka juya shi gaba sau 30 zuwa 40 domin ya ɗauki wani. Mutane da yawa sun ji an ce agogon yana ɗaukar wani da motsin hannu, sai su girgiza shi sau biyu su fara saiti. Wanin da bai cika ba yana sa agogo ya yi ta ɓata lokaci, ko ya tsaya cikin dare a jirgi, duk saitin da ka yi ya tashi a banza. Injin GMT-Master II na yanzu yana kai awa 70 idan wani ya cika, wasu kuma kusan awa 40 kawai.

Mataki na 4: Kafa lokacin gida

Idan zoben waje yana juyawa, ka maido da alamarsa mai kusurwa uku ta tsaya daidai saman ƙarfe 12. Zoben da ya goce da awa ɗaya zai sa ka karanta kowane lokaci a karkace.

Ka tuna hannu na huɗu sau ɗaya yake zagaya fuskar agogo a yini da kwana, saɓanin gajeren hannu mai zagayawa sau biyu. Lambobin zobe yake nunawa, ba na fuska ba. Idan ya miƙe sama, sha biyun dare ne. Idan ya nuna ƙasa, inda 6 take a fuska, sha biyun rana ne. Ƙarfe 3 na yamma shi ne 15, ƙarfe 8 na dare shi ne 20. Mu a Nijar mun saba da wannan lissafi a rediyo da takardun ofis, don haka ba baƙon abu ba ne. Amfaninsa shi ne ba ka rikita dare da rana: idan kana Guangzhou ka ga hannun yana kan 1, ka san ɗayan dare ne a Ɗan Kassari, ba ka tashi mahaifiyarka daga barci.

A agogo iri na farko: ja maɓalli zuwa ƙarshe lokacin da hannun sakan ya kai 12, zai tsaya. Juya har hannu na huɗu da hannun minti su nuna lokacin gida. Kada ka damu da inda gajeren hannu ya tsaya. Ka jira wayarka ta cika minti, ka tura maɓalli ciki. Sannan ka ja shi zuwa tsakiya, ka kai gajeren hannu kan lokacin gida shi ma.

A iri na biyu: fara da manyan hannaye a tsayawa ta ƙarshe, sannan ka dawo tsakiya ka kai hannu na huɗu kan lokacin gida. Idan ka fara da hannu na huɗu, zai bi sauran ya goce lokacin da kake saita su.

Mataki na 5: Daidaita kwanan wata da dare da rana

Gajeren hannu bai bambanta sha biyun rana da na dare ba, amma injin kwanan wata ya bambanta. Ka juya hannun gaba har ya wuce 12 kana kallon tagar kwanan wata. Idan lamba ta juya, ka tsallaka tsakar dare, abin da ke gaba safiya ce. Idan ba ta juya ba, tsakar rana ka wuce. Daga nan sai ka ƙirga zuwa lokacin da kake ciki. Wanda ya tsallake wannan shi ne wanda kwanan watansa ke juyawa ana shirin sallar azahar.

Hatsarin da ya fi kowanne ɓarna yana nan, musamman a iri na biyu. Tsakanin kusan ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 3 na dare bisa hannayen agogon, haƙoran da ke tura kwanan wata sun riga sun shiga juna suna aiki. Idan ka tilasta kwanan wata da maɓalli a wannan tsakani, haƙori yakan karye. Na sha buɗe agogo in tarar da ɗan guntun ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba yana yawo cikin inji, ya tsayar da komai, ga kayan gyaransa ba a samun su kusa. Maganin abin mai sauƙi ne: kai hannaye kan ƙarfe 6 da rabi, ka saita kwanan wata a kan na jiya, sannan ka juya hannaye gaba har lamba ta faɗa kan ta yau da kanta.

Idan ka gama, ka danna maɓalli ciki kana murɗa shi gaba a hankali. Idan ka ji ya cije tun juyin farko, ka koma baya ka sake ɗora shi, domin ya hau a karkace ne. Ka tsaya da zarar ya kama, kada ka ƙara ƙarfi.

Mataki na 6: Idan ka sauka wata ƙasa

A ce ka sauka Jidda. Saudiyya na gabanmu da awa 2. A iri na farko, ja maɓalli zuwa tsakiya ka sa gajeren hannu ya yi tsalle biyu gaba. Shi ke nan. Minti bai ɓaci ba, hannu na huɗu yana riƙe da gida. Idan Abijan ka nufa, tsalle ɗaya baya. Idan Legas ko Kwatano ne, kada ka taɓa komai.

A iri na biyu aiki biyu ne: ka kai manyan hannaye gaba da awa 2 a tsayawa ta ƙarshe, sannan ka dawo tsakiya ka maido da hannu na huɗu kan lokacin gida, domin ya bi su ya wuce.

Ka yi wannan kana zaune cikin jirgi kafin a sauka, ba cikin cunkoson layin fasfo ba. Kuma ka san cewa kowane lokaci da aka rubuta a tikitin jirgi, lokacin garin da filin jirgin yake ne. Idan tikiti ya ce tashi daga Yamai ƙarfe 12:00, sauka Jidda 19:30, tafiyar awa 5 da rabi ce, ba 7 da rabi ba. Wanda zai sauya jirgi a Addis Ababa ko Istanbul ya maida gajeren hannu kan lokacin can tun kafin ya zauna jira. Duka biranen biyu suna gabanmu da awa 2, kuma wanda ya kishingiɗa yana duban lokacin gida zai farka jirgi ya tashi.

Indiya tana da rabin awa a lissafinta, gajeren hannu kuwa awa cikakkiya yake tsallakawa. A nan dole ka saita minti bisa lokacin can, ka riƙe a ranka cewa mintin gida ya bambanta da 30.

Mataki na 7: Lokaci na uku da zoben waje

A ce kana Dubai, gajeren hannu na nuna Dubai, hannu na huɗu na nuna gida, kana son sanin ko abokin cinikinka na Guangzhou ya buɗe shago. Guangzhou na gaban gida da awa 7. Ka juya zoben saɓanin tafiyar hannun agogo har awa 7, sai hannu na huɗu ya nuna lokacin can a kan zobe. Ƙasar da ke gaba, zobe ya koma baya. Ƙasar da ke baya, zobe ya bi tafiyar hannun agogo. Da ka gama dubawa, ka maido da alamar kan 12 nan take, domin mantuwa da wannan ita ce ta fi sa mutane zargin agogonsu da ƙarya.

Mataki na 8: Mai birane da mai batir

A mai birane, ka kawo birnin yankin da kake saman ƙarfe 12, ka saita hannaye, ka tabbata lambar zoben awa 24 da ke fuskantar birnin ta dace da dare ko rana. Daga nan kowane birni yana fuskantar lokacinsa. Ba za ka ga Yamai a jerin ba. Gurbinmu shi ne wanda aka rubuta Paris ko Geneva, kuma a nan za ka riƙa karanta lokacin gida duk shekara. Gurbin Landan shi ne na Akra, Lome da Abijan. Makka tana gurbi na biyu bayan Paris ta wajen gabas, inda akan rubuta Moscow, Riyadh ko Jidda. Sai dai Moscow ta kasance gaban GMT da awa 4 daga 2011 zuwa 2014, don haka agogon da aka ƙera a tsakanin nan yakan nuna ta a gurbin Dubai. Ka ƙirga gurbi, kada ka dogara da suna kaɗai.

A mai batir irin Casio, ka fara zaɓen birnin gida kafin ka saita awa, ka kuma tabbata alamar DST a kashe take, domin ita ce ke ƙara awa ɗaya ta bazarar Turai, mu kuwa ba ma yin ta.

Agogo ba ya nuna lokacin salla

Wannan batu ya shafi ibada, don haka ina roƙon a kula da shi sosai. Yankin lokaci yarjejeniya ce ta hukumomi, salla da buɗa baki kuwa rana suke bi. An auna lokacin Nijar ne da layin digiri 15 gabas, wanda ke can ƙarshen gabashin ƙasar, Ɗan Kassari kuwa tana tsakanin digiri 4 da 5. Kowane digiri minti 4 ne, shi ya sa rana ba ta kaiwa tsaka a garinmu sai wajen ƙarfe 12:40, da ɗan gaba ko baya bisa watan da ake ciki. Mutumin Diffa da mutumin Yamai agogonsu ɗaya, amma rana na faɗuwa a Diffa kusan minti 40 kafin Yamai. Saboda haka kada wanda ke Makka ya ƙara awa 2 a kan jadawalin gida ya ce ya sami lokacin magariba. Ka bi ladanin garin da kake, ko jadawalin garin. Mai agogon Alfajr shi ma ya sauya sunan gari idan ya dawo, in ba haka ba zai yi ta kira masa salla da lokacin Makka.

Kulawa a ƙasarmu

Ƙurar hunturu da zafin bazara suna busar da zoben robar da ke tare ruwa. Kada ka bar maɓalli a kwance ko na ɗan lokaci, kada ka bar agogo a gaban mota cikin rana. Rubutun mita 30 yana nufin yayyafi kawai, mita 100 ne ake shiga ruwa da shi. Wajen alwala cire shi ya fi, ruwa ya game hannu yadda ya kamata, maɗaurin fata kuma ya tsira daga ruɓewa.

Kada ka kwantar da agogon inji a kan waya, rediyo ko lasifika. Mayen ƙarfen da ke cikinsu yana manne siririyar wayar da ke daidaita bugun agogo, sai ya riƙa gudu da mintoci a yini. Gyaran wannan ba ya bukatar buɗe shi, don haka ka gaya wa mai gyara inda kake ajiye shi. Agogon inji mai lafiya yakan ɓata ƴan sakan a yini, wannan ba ciwo ba ne. Ana wanke inji a sa sabon mai tsakanin shekara 5 zuwa 10, kuma mai tsada ba a buɗe shi a bakin hanya inda iska ke kaɗawa.

Ga mai shirin saye, abu uku. Da yawa daga cikin masu tsadar na zinariya ne, malamai kuwa sun yi bayanin haramcin zinariya ga namiji, don haka ka tambayi irin ƙarfen kafin ka biya. Jabu sun cika kasuwa, kuma gwajin farko shi ne Mataki na 1: agogon da aka rubuta wa GMT-Master II amma gajeren hannunsa ba ya tsalle shi kaɗai, ba na gaske ba ne. Wanda ya tsallake wannan gwaji ma bai isa shaida ba sai da rasit, katin garanti mai lambar da ta dace da ta jikin agogo, da dillalin da kamfani ya amince da shi. Ka riƙe waɗannan takardu a tafiya, domin ƴan duwan suna iya tambaya.

Shawarata ga duk wanda ya mallaki irin wannan agogo ita ce ya zauna a gida ya bi matakan nan sau biyu ko uku kafin ranar tafiya, har yatsunsa su saba. Inda maɓalli ya cije, ka tsaya ka kai wa mai gyara kafin ka sa ƙarfi, domin tambaya kyauta ce, haƙorin inji kuwa sai an aiko da shi daga waje. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.